Ƙanena, Uwarsu

"Allah ya jiƙan ta," in ji shi.

Ina zaune bayan labulen da ya raba soro da tsakar gida, duk abin da maza suka faɗa a kunnena yake sauka. Ƙanena aka kai makwanci da hantsin ranar, namiji, tsoho da furfurarsa, amma ga wani ƙato ya durƙusa a gaban mutane yana cewa Allah ya jiƙan ta.

Ya ji abin da bakinsa ya yi. Ya ce, "Shi. Allah ya jiƙan shi, Alhaji. Baki ne ya saba."

Alhajin nan ɗan wana ne, shi ne babba yanzu a gidanmu na gado a cikin gari. Bai ce amin ba. Cewa ya yi, "Wa kake nema?"

"Gaisuwa muka zo."

"Gaisuwar wa?"

"Ta Baffanka."

"An gode. Hanyar da ta kawo ku tana nan ba ta tashi ba."

Na ɗaga gefen labule. Na san shi sarai. Mai waina ne, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan ƙanena, shi suke ce wa 'yar fari. A bayansa wasu su shida sun tsaya a rana, sun sha manyan riguna da huluna, rigunan duk da layin ninki, ka san daga ƙasan akwati aka zaƙulo su. 'Yan daudu ne gaba ɗayansu. Ba abin ɓoyewa a nan. Duk wanda ya zauna a soron nan ya san su, kamar yadda ya san abin da ƙanena yake tun ba a haifi rabin masu zaman ba.

Suka juya suka tafi, ba wanda ya ɗaga murya. Amma manyan kuloli uku na abinci da suka sauke a ƙofar gida, su ba a kore su ba. Aka shigo da su tsakar gida, aka zuba wa maza nasu aka miƙa soro, mata suka sa hannu a sauran.

Matar ɗan wana tana zubawa tana cewa, "Allah dai ya sa ya tuba kafin ya cika." Wata maƙwabciyarmu ta tsallaken lungu, wadda muka tsufa tare, ta matso kusa da ni ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Wani dai mutuwarsa sutura ce ga dangi." Tana faɗa tana tsotsar ƙashin kaza. Wata kuma daga can ta ce, "Ni kam wannan miya wa ya yi ta? Na daɗe ban ci irinta ba."

Na ce, "Waɗanda aka kora yanzu."

Ta ajiye cokali. Da ta ga na kau da kai ta ɗauka.

Kada wani ya ɗauka ni ce ta kirki a labarin nan. Ina ji aka kore su, ban motsa ba. Kuma akwai magana tsakanina da mamacin wadda ba wanda ya sani a gidan.

Kwana tara kafin ya cika, da ciwo ya ci ƙarfinsa, ɗan wana ya sa aka ɗauko shi daga gidansa aka kwantar a ɗakin da Inna ta rasu. Ba ƙauna ba ce. Gudun kada a ce daga gidan 'yan daudu aka fito da gawar ɗan gidan nan ne. Ya kuma hana ko ɗaya daga cikin mutanensa ya leƙo. Ni nake ba shi kunu. Ran nan da la'asar ya riƙe min bakin mayafi ya ce, "Yaya, abu ɗaya zan roƙe ki. In ta Allah ta kasance, ki taka ki je ki yi wa yaran nan gaisuwa. Ba mai ce musu yaya haƙuri."

Na ce, "Yaran wa? Haihuwarsu ka yi?"

Ya ce, "Reno na yi."

Na ce, "Ni ce 'yar'uwarka uwa ɗaya uba ɗaya, ni za a zo a yi wa gaisuwa. Ba zan kwashi tsufana in kai gidan 'yan daudu ba. Sha kununka."

Ya sha. Ya ce, "Ba ki tace shi da kyau ba." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya tafi.

To ita ce ta tsaya min a wuya kwana ukun nan na zaman makoki. Na koyi rubutun boko da furfura a kaina, a ajin matan aure na bayan la'asar. Hannun ba kyau, amma ya isa. Na lura kafin a yi arba'in za a share shi a gidan nan kamar ba a yi shi ba, don ko a zaman ma "marigayin" ake cewa da sauri a shiga hirar tsadar kaya. Shi ya sa na ce bari in ajiye abin da na sani, mai daɗi da marar daɗi. Marar daɗin ya fi yawa.

Shi yake bi na, ni na goye shi. Tun yana ƙarami ya fi ni iya tuƙin tuwo. Inna takan ce da hannunsa aka ba ni da ta huta. Abin dariya ne a wurin kowa, har ranar da na shigo na same shi ya yi ɗaurin ƙirji da zanen Inna yana kwaikwayon tafiyar wata dillaliya. Lokacin gemu ya fara tsiro masa, ba yaro ba ne. Ni na kai wa Baba ƙara, ba wani ba. Baba ya yi masa duka da igiyar guga har maƙwabta suka shigo ceto. Bai daina ba. Ya ƙara, aka ƙara masa. Wata safiya ya fita kamar zai je masallaci, bai dawo ba.

Aka fara ganinsa a tasha yana suyar kaji a rumfar wani tsohon ɗan daudu, yana tafa hannu yana shewa da direbobi. Kafin sati labari ya cika unguwa. A lokacin an kawo kayan sa ranata da wani ɗan masu rini da nake so, kuma so ba na wasa ba. Iyayensa suka aiko a mayar musu da kayansu, wai ba sa haɗa iri. Na auri wani daga baya, muka zauna lafiya har Allah ya ɗauke shi. Amma wancan ban yafe wa ƙanena ba, na kuma gaya masa a fuskarsa ya fi a ƙirga. Sai ya ce, "Yaya, mutumin nan fa na gan shi kwanan baya, haƙori biyu ya rage masa. Taimakonki na yi."

Haka yake. Ka zo masa da wuta ya ba ka dariya, ka rasa inda za ka kama shi.

Gidansa na farko a bayan kasuwar Ƙofar Wambai yake, cikin wani lungu da dukawa suke shanya fata. Soro ɗaya, ɗaki huɗu, rijiya a tsakiya. Da sunan wurin dafa abincin sayarwa ya kama shi, kuma ana dafawar. Amma ba a jima ba duk wanda aka koro daga gidansu saboda irin halin nan ya san hanyar lungun. Daga cikin gari, daga ƙauyuka, har waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Mutum zai zo da ƙunshin kayansa da shatin bulala a wuya, ya fara rantse-rantse zai ba da labari, sai ƙanena ya ce, "Ci tukuna." Maganarsa ke nan ta kullum. Sai ka ci ka wanke hannu sannan zai ji da me ka zo.

Yana da dokokinsa, ban ƙara masa ba ban rage ba. Wanda gemu bai fito masa ba, shi da kansa yake kama hannunsa ya mayar da shi gidan ubansa, ya tsaya a ƙofa ya sha zagi ya dawo. Mai ɗauke-ɗauke ba ya kwana biyu. Wanda bai yi asuba ba, ba ya taɓa masa ludayi ranar. Kuma kowa sai ya koyi abin yi, wani waina, wani dambu, wani farfesu. Wanda hannunsa ba albarka a girki ya faskara ice ya wanke tukwane. Ran Alhamis bayan la'asar sai su taru, na gidan da na waje, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. A nan ake sasanta waɗanda suka yi faɗa. A nan ake jin wa yake kwance, wa aka kama, wa uwarsa ta rasu aka hana shi shiga gida. Irin wannan na ƙarshe su suke zama masa makoki kwana uku, shi a tsakiya, su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ce masa yaya haƙuri.

Duk wannan daga bakin soro na san shi. Inna ce take aikena a ɓoye, wani lokacin da saƙo, wani lokacin da ƙullin daddawarta, wai ta kasuwa ba ta yi masa. Ranar farko da na je, na iske su huɗu a bakin ƙofa suna gyaran kayan miya, ɗaya da ɗankwali a kafaɗa. Mai wainar nan, lokacin saurayi ne siriri, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Lale marhabin da Yaya. Ba sai an faɗa ba, kamar an tsaga kara."

Raina ya ɓaci. Wa ya ba shi ni a yaya? Na ware yatsu biyar na watsa musu daƙuwa na ce, "Uwarku."

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Tana ciki, Yaya, tana yanka albasa. A kira miki ita?"

Suka kwashe da shewa. A ranar na san abin da suke kiransa. Uwa. "Ke" suke ce masa. Ta fita, ta dawo, ta ce a sauke tukunya. Ƙanena, wanda na zauna ina yi wa fifita ranar da aka yi masa kaciya.

Ya fito yana goge hannu, ya ɗora hula a karkace, ya gyara murya ya yi min sallama irin ta maza. Kullum haka yake min. Don ni kaɗai yake ajiye hular nan a ƙusa bayan ƙofa. Ya ce in shigo in sha ruwa. Na ce ko ƙishirwa za ta kashe ni. Daga ranar abin ya zama kamar gaisuwarmu. In na zo in ce uwarku, su ce tana ciki. Shekara da shekaru a haka. Ni zagi nake nufi, ko sau ɗaya ban faɗa da wasa ba. Kuma ban taɓa tsallake dokin ƙofar soron nan ba, ban taɓa cin ko loma ɗaya a gidan ba.

Da Baba ya rasu, wana ya tsaya a ƙofa ya ce ƙanena ba zai shiga ba. Bai yi gardama ba. Ya bi sahun ƙarshe aka yi salla, ya bi makara daga nesa, ya dawo ya tsaya a bakin lungu kamar mai jiran wani. Mutane suna wucewa ta gabansa su shiga soro su yi wa wana gaisuwa. Ni ma na gan shi ta taga. Ban fita ba, ban aika ba. Daga baya na ji mutanensa ne suka zauna masa kwana uku a Wambai. Na ce a raina, to ai ya samu dangi.

Amma abincinsa bai taɓa daina shiga gidajenmu ba. Ba bikin da aka yi a dangin nan, aure ko suna, da ba shi ya dafa ba. Ta ƙofar baya ake shigo da abincin, a ce wa baƙi wata mata ce a Fagge ta dafa. Shi kansa ɗan wana da ya kori masu gaisuwar nan, shinkafar walimar aurensa ƙanena ne ya tsaya a kanta tun asuba. Ranar bikin 'yata ya aiko a tambaye ni ko zai shigo ya ga amarya, ya sa mata albarka ya fita, da hularsa. Na fito lungu na same shi na ce a'a.

Ya ce, "Yaya, shinkafata ta shiga har ɗakin amarya, ni ban shiga ba?"

Na ce, "Shinkafa ba ta karairaya."

Ya gyara zaman hularsa. Sannan ya ce, "Ki ce musu su juya ta ƙasan kada ta kama." Ya tafi. Damina biyu ba mu yi magana ba, ni kuma ban neme shi ba. Shi ne ya aiko min da man zafi da ya ji ƙafata ta kumbura. Na karɓa, na shafa, ban ce an gode ba.

Sai aka shiga shekarun ciwon nan mai ƙanjamar da mutum, wanda a lokacin ko sunansa ba a son faɗa. Gidaje suka riƙa fitar da 'ya'yansu, kuma ba 'yan daudu kaɗai ba. Ɗakin ƙurya na gidan Wambai ya zama na majinyata. Shi yake juya su, shi yake kwashe musu, shi yake dama kunu ya ɗura musu da cokali. Masu sayen abinci da yawa suka gudu. Da aka fara mutuwa aka rasa mai wanka, sai ya je wurin wani tsohon malami a Gwammaja ya durƙusa aka koya masa wankan gawa da haɗa likkafani. Malamin nan shi yake zuwa ya sallace su, Allah ya saka masa. Su shida su bakwai a bayansa, su ɗauki makara da kansu.

Wata rana da tsakar rana ya zo ƙofar gidana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Yaya, ɗan maƙwabciyarku ta tsallaken lungu yana wurina. Ba zai kai Juma'a ba. Uwarsa yake kira." Direba ne, magidanci. Ubansa ya kore shi da ciwon ya bayyana, aka ce wa mutane ya tafi Kudu neman abinci. Ni na raka ta, ta lulluɓe har ido. Na tsaya a bakin soro, ita ta shiga. Da ta fito ta riƙe hannun ƙanena da hannu biyu tana cewa, "Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa min." Shi ya wanke ɗan nata, shi ya sa shi a rami. Har ya mutu bai gaya wa kowa ba. Har gobe unguwa ta san a hatsarin mota ya rasu a hanyar Kudu.

Ita ce mai tsotsar ƙashin kaza. Ita ce ta ce min mutuwarsa sutura ce. Na dube ta, ta dube ni, ta ci gaba da tsotsa. Ban sa sunanta a nan ba. Wannan a wurinsa na gani, ba halina ba ne.

Daga baya gari ya ƙara tsanani, aka fara kame. Ran wata Alhamis da la'asar masu kame suka dira a lungun da mota, suka kwashe duk wanda suka samu a kan tabarma. Aka aske musu kai a gaban jama'a, aka yi musu bulala. Da aka sako shi na je, ba jaje ba, don in ce masa ka gani. Na ce uwarku. Suka ce tana ciki, amma ƙasa-ƙasa. Ya fito kansa tal, hular ta yi masa yawa.

Na ce, "To ka gani."

Ya ce, "Sun hutar da wanzamina."

Ya zauna a dakali da ƙyar, bayan ba ya jinginuwa. Can ya ce, "Kin san abin da ya fi min ciwo, Yaya? Wanda ya riƙe min kai ana askin, na san shi. Ya taɓa cin tukuna a gidan nan."

Na ce, "Ka tona shi mana."

Ya ce, "Yana da 'ya'ya."

Mai gidan da suke haya ya ce su tashi. Suka koma Gwammaja. Ba su daɗe ba mutanen layi suka kai ƙara wurin mai unguwa, suka sake tashi. Suka ƙare a wani tsohon gida bayan Ƙofar Dawanau, ɗaki biyu da soro. Duk tashin da za a yi, babbar tukunyarsa ake fara ɗorawa a kura, sai tabarmi. Zaman Alhamis ya daina zama na Alhamis. Sai dai a ce akwai suna ran kaza, wanda ya gane ya gane. Mutane suka ragu. Na yanzu ba sa son girki, ba sa son a gan su, a waya suke haɗuwa su yi ta latse-latse. Yakan ce, "Su yi ta yi. Ranar da mutum ya kwanta, waya ba ta dama kunu." Kuma in sun kwanta ɗin wurinsa ake kawo su.

Wasu 'yan boko sun taɓa zuwa masa da takardu, wai a mayar da gidan ƙungiya, a yi ofis, a sa suna, shi ya zama shugaba. Ya ba su abinci suka ci. Sannan ya ce, "Ranar da aka rubuta suna a ƙofar nan, ranar za a cinna mata wuta. Ku bar ni da tukunyata." Shi ya ba ni labarin yana dariya, ya ce ɗaya daga cikinsu da cokali mai yatsu ya nemi cin tuwo.

Kada a ce na yarda da rayuwarsa. Ban yarda ba. Na gaya masa, in ya tashi yanzu zan sake gaya masa. Sauran tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ni ba a ba ni littafin kowa in duba ba. Abin da na gani da idona shi nake faɗa. Bai taɓa rufe ƙofa a fuskar mai yunwa ba, mu kuwa mun rufe a tasa. Mutumin da ya wanke gawar da ba ta ƙirguwa, ranar tasa sai da aka yi ta kallon-kallo a soro kafin a samu mai zuba ruwa. Salla kuwa liman ya yi ta kamar hadari ya taso.

Ran sadakar uku aka yi addu'a da safe, aka raba waina ta saye, mai tauri kamar takalmi, kowa ya watse. Kulolin nan uku suna bakin rijiya, an wanke an kife. Ɗan wana ya shigo ya ce wa matarsa a ba 'yan gwangwan.

Na ce, "Kayan mutane ne."

Ya ce, "To wa zai kai musu, Gwaggo? Ni dai ba mai fita daga gidan nan ya je can."

"Ni zan kai."

"Gwaggo, don Allah kada ki ja mana magana. Mun samu abu ya wuce lafiya."

Na ce, "Da kake tsoma hannu a cikinsu shekaranjiya ba ka ji tsoron magana ba. Har ƙari ka aiko a yi maka, ina ji. Samo min adaidaita."

Ya tsaya yana kallon matarsa.

Na ce, "Ni na wanke maka kashi. Samo min adaidaita."

A hanya ina ta gaya wa kaina kuloli zan mayar, shi ke nan. A ajiye a bakin ƙofa mu juyo, ko sauka ba sai na yi ba. Na ce wa ƙanena a'a yana da rai, ba zan zo in ce to don ya mutu ba. Ashe a fili nake faɗa, don muna wuce Gwammaja mai adaidaita ya waiwayo ya ce, "Hajiya, da ni kike?" Na ce ya kalli gabansa.

Rana ta take muka isa. Ƙofar soron a buɗe. Suna zaune su bakwai a jere jikin bango, da manyan rigunan nan har yanzu, kowa da carbi. Tsofaffi ne duk, sai a ranar na lura. Mai waina har ya fi ni furfura. A gabansu sun shimfiɗa sabuwar tabarma ta masu zuwa gaisuwa, ga buta, ga kwanon ruwan sha an rufe da faifai. Ko sawu ɗaya babu a kan tabarmar. A bakin ƙofa ba takalmin kowa sai nasu. Kwana uku suna zaune a haka. Hular nan tana rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Na sauko don in nuna wa mai adaidaita inda zai ajiye. Mai waina ya ɗago ya gan ni. Ya yunƙura zai tashi, ya ce, "Yaya."

Wallahi ban shirya ba. Hannun ne ya ɗaga da kansa, yatsu biyar, baki ya bi shi. Na ce, "Uwarku."

Mai waina ya buɗe baki, na ga amsar da suka saba ta zo masa har leɓe, ya mayar ya rufe. Na can ƙarshe ya ja hannun riga ya rufe fuska.

Na tsaya da hannu a sama kamar wata sakarya. Mai adaidaita yana ta tambaya, nan ko ciki, Hajiya. Na sauke hannun. Na cire takalmi. Dokin ƙofar ya fi yadda nake zato tsayi, sai da na dafa bango. Na zauna a kan tabarmar, gwiwa tana ƙara.

Na dubi mai waina na ce, "Yaya haƙuri?"

Ya ce, "Da godiya, Yaya."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi, har na bakwai. Sannan na ɗaga hannu biyu, wannan karon tafin yana kallon sama. Na ce, "Allah ya jiƙan uwarku."

Suka ce, "Amin."

Na ce, "Allah ya jiƙan ƙanena."

Suka ce, "Amin."

Na shafa na yunƙura zan tashi. Mai waina ya ce, "Ci tukuna, Yaya."

Na ce ba ci ne ya kawo ni ba.

Ya shiga ciki ya fito da kwano ya ajiye a gabana. Gishiri ya yi yawa, na gaya masa. Na cinye.